Tadribin banki (koyon aiki) a hutun saifi (hutun lokacin zafi), abin da na gani a Jidda

Fadila:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Anti Rabi ta matsa min tun ina tsakiyar tadribi wai in na gama in zo in ba da labari saboda ƙannenmu masu tasowa, to alhamdulillah na gama har na miƙa rahoto. Ga wanda bai sani ba fannin kuɗi nake karantawa a Jami'ar Malik Abdul'aziz, kuma hutun nan gaba ɗaya a far'in (reshen) wani banki na yi shi. Sunan bankin ku yi haƙuri ba zan faɗa ba, sun sa mun sa hannu a takardar riƙe sirri, amma dai cikin manyan nan ne da kowa ya sani.

Da farko ba sa bari ka taɓa komai. Darussa ne a kwamfuta kan halatta kuɗin haram da sirrin masu hisabi (asusu) da yadda ake gane ɗan damfara, ka gama ka yi jarrabawa. Mutadarribi, wato mai koyon aiki, ba ya taɓa kuɗi, ba shi da lambar shiga sistem, in za ka ga allo sai dai ka zauna gefen muwazzafi (ma'aikaci) ka yi kallo. Ana buɗe ƙofa tara da rabi a rufe huɗu da rabi, Lahadi zuwa Alhamis, amma ma'aikata kam suna riga zuwa kuma ba sa tashi sai lissafin akwati ya daidaita, ko riyal ɗaya ne ya ɓace sai an nemo inda ya shiga.

Ni inda suka fi ajiye ni bakin ƙofa ne wajen injin ba da lamba da injin buga kati. Kuma wallahi a nan na koyi abin da ba a koya mana a aji ba. Ranar 27 ga wata da ratibin (albashin) ma'aikatan gwamnati ke sauka, da ranar 10 ta Hisabul Muwaɗin (tallafin gwamnati ga 'yan ƙasa), far'in nan cika yake har waje, kuma rabin waɗanda suka zo ba kuɗi suka zo cira ba, matsala ce ta kawo su, wannan an rufe masa hisabi, wannan ya canja lambar waya saƙon sirri ba ya zuwa, wancan an yaudare shi.

Anti Rabi:
Wa alaikumussalam, masha Allah 'yata, Allah ya yi albarka ya sa a gama lafiya. Ba su labarin tsohuwar nan da kika ba ni, shi ne ma ya sa na ce ki rubuto

Fadila:
Amin Anti. To wata rana da hantsi wata dattijuwa ta shigo riƙe da leda, ta ɗaure bakin ledar tamau, ciki akwai katin mada (na cirar kuɗi) da igama (katin izinin zama a ƙasa) da wata tsohuwar takarda da ta ninke har ta fara yagewa a gaɓoɓin. Sarraf (injin cirar kuɗi) ya ƙi ba ta kuɗi. Muwazzafiya ta duba ta ce mata da Larabci hisabin a daskare yake sai ta sabunta bayananta, ta maimaita mata, matar nan sai gyaɗa kai kawai take amma da ka gan ta ka san ba ta gane ba. Ta juyo za ta fita sai na ji ta ce ƙasa ƙasa "innalillahi, ni 'yasu yau ina zan sa kaina." Na bi ta na ce Inna sannu, me ya faru? Wallahi riƙe hannuna ta yi kamar ta ga 'yar cikinta, ta ce 'yar nan ke Bahaushiya ce? Na zaunar da ita na yi mata bayani dalla dalla, cewa kuɗinta na nan ba wanda ya ci, igamarta ce ta ƙare, kuma dokar Babban Banki ce in katin shaida ya ƙare aka wuce wa'adi ba a sabunta ba to dole su tsayar da hisabin, kuma sun turo mata saƙo tun kafin lokacin amma saƙon na Larabci ne kuma wayar ma a hannun jikanta take. Ita duk a zatonta kuɗin sun tafi kenan. Ta kwana biyu ba ta gaya wa kowa ba don kar a ce ta yi sakaci.

Irin ta na gani da yawa, ba mu kaɗai ba, har 'yan Burma da 'yan Chadi da Indunusiya, amma namu sun fi ci min rai don ina jin abin da suke faɗa a tsakaninsu.

Kawu Isa Makka:
Allah sarki. Fadila abin da ba ki faɗa ba shi ne dalilin da igamar take ƙarewa ba a sabunta ba. Tun da aka kawo kuɗin murafiƙai (wanda baƙo ke biya kan iyalan da ke ƙarƙashinsa) a 2017 aka fara da riyal 100 a wata kan kowane kai, yana hawa har ya kai 400 a 2020, magidanci mai mata da 'ya'ya biyar ki lissafa, 2,400 kenan duk wata kafin ya biya haya kafin ya sayi shinkafa. Ba sakaci ba ne, babu ce. Ni a Shari' Mansur na san gidajen da ake zaɓar wanda za a sabunta wa bana wanda zai jira baɗi.

Fadila:
Haka ne Kawu, ban musa ba ko kaɗan. Kuma banki ba ruwansa da wannan, sistem na haɗe da bayanan gwamnati, ranar da kati ya ƙare yana gani, ko mudir (manaja) da kansa ba zai iya buɗewa ba ko da kuka za ka yi masa. Abin da nake so mutanenmu su gane kawai shi ne kuɗin ba sa ɓata, kuma in ka san igama ta kusa ƙarewa ba halin sabuntawa to ka yi shiri tun da wuri, kar a bari sai ranar da ake buƙatar kuɗin magani.

Abu Yasir:
To ai shi ya sa mutane ke ba wa ɗan uwa mai igama lafiyayya ko mai tabi'iyya (ɗan ƙasa) a tura ta hisabinsa. Ni kaina akwai mutum uku da ake turo musu ta wajena ina cira ina ba su, taimako ne ai

Fadila:
Yaya Abu Yasir don Allah don Annabi ka daina. Wannan shi ne abu na biyu da na zo faɗa. Na san niyyarka alheri ce amma sistem ba ya ganin niyya, abin da yake gani shi ne mutum mai ratibi kaza kuma kuɗi na shigo masa daga mutane daban daban da ba su da alaƙa da aikinsa, suna shiga ana cirewa nan take. Wannan shi ne ainihin siffar da aka koya mana mu lura da ita. Kuma in ɗaya daga cikin masu turowar kuɗin damfara ne ya biyo ta hannunsa, ko da shi ma bai sani ba, to wanda aka damfara in ya kai ƙara sunanka da IBAN ɗinka (lambar hisabinka) za a gani, kai za a kira, kai za a daskare wa hisabi, kai za ka yi bayani. Na ga saurayi da bai wuce sa'ana ba ya zo da babansa, wani ya ce masa a Snapchat zai ba shi aiki wai kawai ya karɓi kuɗi ya tura gaba a ba shi kaso, yaron nan yana tsaye jikinsa na rawa baban ko magana ya kasa.

Abu Yasir:
Subhanallah. To amma waɗannan nawa na san su, maƙwabta ne, ɗaya ma ɗinki take yi mata na biyanta

Kawu Isa Makka:
Kai ka san su, amma ka san masu turo musu? Ji maganar yarinyar nan. Kuma kuɗin sana'ar wani na shiga hisabinka ana iya juya maganar ta koma tasattur (laifin rufa wa baƙo asiri ya yi sana'a ba izini da sunanka), wannan kuwa ka san ba wasa ba ne a ƙasar nan.

Malam Auwal Madina:
Assalamu alaikum. Na karanta duka, Allah ya saka wa 'yarmu da alheri kan taimakon da ta yi wa baiwar Allah nan. Amma akwai tambayar da nake ganin bai kamata a tsallake ba tunda ana ƙarfafa wa yara gwiwa su shiga wannan layi. Fadila, a far'in da kika zauna ana ba da tamwili na kai, wato bashin da mutum ke karɓa tsabar kuɗi ya biya da ƙari a wata wata? In ana yi ta wace hanya ake yi?

Fadila:
Wa alaikumussalam Malam. Ana yi, kuma shi ne ma ya fi kawo mutane wajen masu hulɗa da jama'a. Tawarruƙi suke yi. Banki ya sayi kaya ko hannun jari, ya sayar wa mutum bashi da riba sananniya, shi kuma ya sayar ya karɓi tsabar kuɗi. Duk a allo ake yi, mutum ya danna amincewa, ba da jimawa ba kuɗi sun shiga.

Malam Auwal Madina:
To nan ne gizo ke saƙar. Tawarruƙin da malaman Hanbaliyya suka halatta, wanda Shaikh Bin Baz ma ya halatta, shi ne ka sayi kaya bashi ka karɓe su a hannunka ka je kasuwa da kanka ka sayar wa wani daban. Shi ɗin ma Ibn Taimiyya da Ibnul Ƙayyim ba su yarda da shi ba. Amma wanda banki ke tsarawa tun daga farko har ƙarshe, shi ya sayar maka shi kuma ya zama wakilinka wajen sayarwa, kai ko kayan ba ka gani ba, majalisar fiƙihu ta Rabiɗa (ƙungiyar Musulmin duniya) a Makka ta hana shi a 2003, haka majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi a zamanta na Sharja a 2009 ta hana, ƙuduri mai lamba 179. Ba ni na faɗa ba. Ban ce Fadila ta yi laifi ba, ɗaliba ce aka tura ta, amma wanda zai mai da wannan sana'arsa ya san akwai magana a kai.

Dr. Bashir Riyad:
Malam Allah ya ƙara ilimi, abin da ka kawo gaskiya ne amma ba shi ne duka ba. Bankunan nan suna da kwamitocin shari'a da manyan malamai ke zaune a ciki, kuma AAOIFI, hukumar tsara ƙa'idojin bankunan Musulunci da ke Bahrain, tana da ma'auni na musamman kan tawarruƙi da sharuɗɗansa, kaya su zama na gaske, a mallake su, kar su koma ga wanda ya sayar da farko. Shi ya sa wasu bankunan suka koma amfani da hannun jarin kamfanonin cikin gida, a zuba su a fayil ɗin mutum da sunansa shi ya sayar da kansa ko ya riƙe in ya ga dama, har farashi na iya hawa ko sauka a hannunsa. Wannan ba daidai yake da tawarruƙin da ake yi da ƙarafan da ba wanda ya taɓa gani ba. Sannan aikin banki ai ba tamwili ne kawai ba, akwai buɗe hisabi akwai tahwili (tura kuɗi) akwai murabaha ta mota (sayarwa da riba sananniya) da ijara (haya) ta gida akwai sashen bin doka. In duk masu tsoron Allah suka ƙaurace wa wurin to wa zai tsaya wa irin tsohuwar nan?

Malam Auwal Madina:
Dakta na yarda akwai bambanci tsakanin na hannun jari da na ƙarafa, kuma ban haramta albashin kowa ba. Abin da nake cewa yaro ya shiga da ido buɗe, ya tambayi wane aƙadi (yarjejeniya) ake sa shi ya sayar. Kar kalmar "Islami" da ke jikin allo ta ishe shi.

Fadila:
Malam ni ma abin ya dame ni kuma na tambayi wadda take kula da ni, ta nuna min fatawar kwamitinsu, na karanta, amma gaskiya zuciyata ta fi kwanciya da ɓangaren bin doka da yaƙi da damfara, can nake so in nufa in Allah ya yarda. Amma bari in ƙara wani abu da ya fi fatawar ma tayar min da hankali, mutane ba sa karanta abin da suke sa wa hannu. Mutum zai ji an ce riba kashi 3 sai ya ce ai da sauƙi. Misali ka karɓi 100,000 na shekara biyar a kashi 3, ribar 15,000 ce, kana biyan wajen 1,917 duk wata. Amma ai kullum bashin raguwa yake su kuma a kan 100,000 ɗin farko suka lissafa har ƙarshe, don haka ainihin abin da kake biya a shekara ya haura kashi 5 da rabi, kafin ma a sa kuɗin gudanarwa. Babban Banki ya wajabta a rubuta wannan adadin na gaskiya a cikin aƙadi, yana nan a rubuce, amma ban ga mai tambayarsa ba sai ɗaiɗaiku. Tambaya ɗaya ce kowa ke yi, nawa zan samu kuma yaushe zai sauka.

Kuma doka ta ce abin da za a cire daga ratibi kar ya wuce kashi ɗaya bisa uku ga ma'aikaci, ɗan fansho kuma kashi ɗaya bisa huɗu, bashin kai kuma kar ya wuce wata 60. Da ba don wannan ba wallahi wasu sai sun cinye ratibin shekara goma a zama ɗaya. Duk wanda ya yi jinkirin biya kuma yana shiga SIMAH (kundin bayanan masu bashi), ko ina ka je za a gani.

Ummu Hanan:
Ni tambayata daban ce, 'yata na aji biyu na sanawi (babbar sakandare) tana son wannan fanni. Yanayin wurin fa, sallah, shiga, cuɗanya da maza? Kuma suna ba da wani abu ko aikin Allah-ya-isa ne

Fadila:
Gwaggo ta wannan ɓangaren ban ga matsala ba, da abayata da niƙabina nake zuwa ba wanda ya ce min uffan, akwai wurin sallah, kuma yawanci a ɓangaren mata nake. Mukafa'a (alawus) sun ba mu amma kaɗan ce, kusan a kuɗin mota ta ƙare, wasu ƙawayena a wasu wuraren ko sisi ba a ba su ba. Abin da ban ji daɗinsa ba shi ne matsin da ake yi wa ma'aikata kan adadi. Kowa an ɗora masa sai ya sayar da katin bashi kaza tamwili kaza a wata, kullum da safe mudir na karanto wa ya kai wa bai kai ba a gaban kowa. Na ga yadda wannan ke sa muwazzafi ya tallata wa mutum kati alhali ya san ba ya buƙata. Akwai wata a cikinsu dai, Allah ya saka mata, ita in ta ga mutum bai gane ba sai ta ce je ka gida ka yi shawara ka dawo gobe, kuma kullum ita ce a ƙasan jerin.

Nura Kano:
Salam. Ni ɗalibi ne a Jami'ar Musulunci ta Madina, daga Kano na zo da minha (tallafin karatu). Mu da ba 'yan ƙasa ba akwai hanyar samun irin wannan tadribin? Don gaskiya ina sha'awar harkar bankin Musulunci

Dr. Bashir Riyad:
Nura kar in ɓoye maka, da wuya. Ayyukan far'in banki an mai da su na 'yan ƙasa tuntuni, kuma yawancin sanarwar tadribi sharaɗin farko da za ka gani shi ne tabi'iyya, Tamhir na Hadaf (shirin tadribi na gwamnati) ma haka. Wanda mahaifiyarsa 'yar ƙasa ce yana da sauƙi ta fuskar aiki. Kai shawarar da zan ba ka, ka riƙe fiƙhul mu'amalat da kyau tunda kana inda ake koyar da shi, ka haɗa da lissafin kuɗi ko da ta intanet ne, in ka je hutu gida ka nemi wuri a can. Cikin bankunan Musulunci na Najeriya, Jaiz ya fara aiki tun 2012, TAJBank ya zo a 2019, Lotus a 2021, duk suna buƙatar wanda ya iya Larabci ya san aƙadi kuma ya iya karanta lissafi, masu haɗa ukun nan ba su da yawa.

Nura Kano:
Na gode Dakta, Allah ya ƙara girma. Zan bi ka ta gefe in ba damuwa

Usman Maiurno:
Jama'a ina ta karantawa ban ce komai ba. Ni abin da zan ce wa Fadila ki riƙe abin nan da kyau. Mu da muka fito daga Sudan mun ga ranar banki. Da yaƙi ya tashi a Afrilun 2023 far'o'in Khartum aka rufe wasu aka fasa, mai kuɗi a akwatin gida aka kwashe, abin da ya riƙe mutane shi ne Bankak (manhajar Bankin Khartum) a waya, da shi muke tura wa iyaye a Sinnar da Gadarif su sayi dawa da magani, ranar da intanet ta ɗauke kuwa kowa ya shiga uku. Kuma waɗanda suka fi wahala su ne tsofaffin da ba su taɓa buɗe hisabi ba don suna ganin banki ba nasu ba ne, sai sun nemi yaron maƙwabci a tura ta wajensa, wani ya ba su cikakke wani ya yanke. Maganar Malam Auwal ma ba baƙuwa ba ce a wajenmu, Bankin Faisal na Musulunci tun 1977 aka kafa shi a Sudan kuma har yau malamai ba su daina muhawara kan murabaha ba.

Fadila:
Allah ya kawo muku zaman lafiya Yaya Usman, ya mai da kowa gidansa. Maganar tsofaffi kuwa a nan ma ita ce. Don Allah kowa ya zauna da iyayensa ya gaya musu banki ba ya taɓa kira ya nemi lambar sirrin da aka turo a saƙo, ba ya cewa ka buɗe Nafaz (manhajar gwamnati ta tabbatar da shaida) ka danna lamba kaza don a sabunta maka bayanai. Masu kiran nan sun iya Larabci sun iya Urdu har sunanka suna faɗa. Kuma tun da aka kawo Sari' (tsarin tura kuɗi nan take) a 2021 kuɗi na fita ne cikin daƙiƙoƙi, kafin mutum ya farga sun wuce. In saƙon damfara ya zo a tura shi 330330, in kuwa an riga an ba da lamba to a kira banki nan take a tsayar da kati da hisabi, kar a tsaya jin kunya ko jiran ɗa ya dawo daga aiki.

Kawu Isa Makka:
Fadila tunda kin zama tamu a can bari in tambaya. Yayana da ya rasu bara muna zaton yana da hisabi a wani banki ban da wanda muka sani, ba mu ga kati ba ba mu ga takarda ba, iyalinsa kuma suna cikin buƙata. Kuɗin sun tafi kenan?

Fadila:
Allah ya jiƙan Baba ya gafarta masa. Ba su tafi ba Kawu. Hisabin da aka bar shi wata 24 ba motsi ana mai da shi mai barci ne kawai, haƙƙin mai shi da magadansa na nan. Ku fara fitar da sakkin hasrul warasa (takardar tantance magada), sannan magada su wakilta mutum ɗaya da wakala wadda aka ambaci harkar banki a cikinta ƙarara, don na ga an mai da mutane gida saboda wakalarsu ba ta ambata ba. Babban Banki kuma yana da hidimar binciken hisaban mamaci, da takardun nan za a duba muku duk bankunan a gaya muku inda yake da wani abu, har in akwai bashi a kansa za ku sani. Wakilin ya tabbata tasa igamar na da rai kafin ya je, kuma ku tafi da takardar shaidar rasuwa ta asali ba hoto a waya ba.

Kawu Isa Makka:
Madalla. Sakkin yana hannu tun bayan arba'in, wakalar ce ba mu yi ba, ƙaramar 'yarsa tana Jizan wajen miji sai na kira ta tukuna.